Gawayin Ƙofarmu

Daga dajin itacen turare wutar ta sauko,
ranar Asabar, da la'asar sakaliya,
ta bi tudunmu gida-gida kamar mai karɓar haraji.
Kafin jiragen tashar Valparaíso su gama busa ƙaho
ba mu da rufi, ba mu da kujera,
sai ni, sai jikana Gaspar,
sai makullin ƙofar da babu ita.

Karen bai fito ba.
Canelo sunansa.

Tun ranar yaron ya haɗiye harshensa.
Bakin da a da ba ya rufuwa
sai an toshe shi da burodi
ya koma kamar kifin da nake jerawa kan ƙanƙara:
ido a buɗe, magana babu.
An ce labarin zuciya a tambayi fuska.
Na tambayi tasa har na gaji.
Likita ya leƙa maƙogwaro da 'yar fitila,
ya ce ƙalau yake, a ba shi lokaci.
Na ba shi, wata huɗu cur,
a ɗakin aro na ƙanwata Fresia,
inda ko ashana aka ƙyasta
sai ya shige ƙarƙashin gado.

Sai ga takarda daga Malama Rayén:
kowane yaro ya zo da wani abu daga gida.
Na ce, matar nan ta san abin da take faɗa kuwa?
Wane gida?
Gaspar ya ja ni da hannu,
matakala ɗari da sittin da uku,
gwiwata ce ta ƙirga,
ya tona toka, ya ciro guntun katakon ƙofarmu
baƙi ƙirin, ya cusa a aljihun wandon makaranta.
Fresia ta kwana tana mitar wanki.

Abin da aka yi a ajin ban gani ba.
An ce ta shimfiɗa manyan takardu a ƙasa,
ta tuɓe takalmi ta zauna cikinsu.
Ba ta ce a zana wuta ba,
ba ta kuma hana ba.
Wata yarinya ta zana tukunyar uwarta.
Wani ya yi ta goga baƙi har takardar ta huje,
aka miƙo masa wata.

Nawa ya dawo da tasa a naɗe a hammata.
Kare ne, ƙafa huɗu, jela a sama,
kai ba kunne.
A ƙasa malamar ta rubuta:
wani a gida ya ƙarasa.

Ni da rabona da fensir tun ina 'yar aji uku!
Na goge ƙarnin kifi a zani,
na karɓi ƙofata da yatsu biyu.
Ba ta da nauyi, ita da sai na sa kafaɗa take buɗewa.
Na ja kunnen dama a tsaye.
Na ja na hagu a tsaye.

"Kaka, na hagun a karye yake."

Muryar ta dishe kamar ƙyauren da ya sha damina.
Fresia ta saki ludayi.
Na harare ta, kada ta kuskura ta yi kuka,
na ce, "To, gyara mana, ni ido ya tafi."
Ya lashi ɗan yatsa ya murje kunnena,
ya kwantar da nasa.

Ba zan ce ya warke ba.
Jiya ma motar kashe gobara ta wuce,
na same shi can ƙarƙashin gado,
amma da takarda a gabansa,
yana tambayata launin labulenmu.
Na ce shuɗi. Ya ce kore.
Muka yi musu har miya ta huce.

Guntun yana ƙarewa, saura kamar haƙorin tafarnuwa.
Lahadi za mu sake hawa, in gwiwa ta yarda.
Gawayi dai muna da shi,
gida guda.